Marigayi Alhaji (Dakta) Mamman Shata Katsina, Mawaƙin Da Bai Gaji Waƙa Ba

Sa'ad da editan wannan mujalla tamu ya nemi in rubuta tarihin wani shahararren mutum da ya riga mu gidan gaskiya, na tabbata abin da yake zato shi ne in ɗauko sarki, ko babban malami, ko ɗan siyasa irin su Sardauna da Malam Aminu Kano, kamar dai yadda aka saba a wannan shafi. To, ni sai na zaɓi maroƙi. Na san a cikinmu akwai waɗanda za su yi tsaki da ganin haka, kuma ban ga laifinsu ba, domin ni kaina na shafe shekaru ina yin irin wannan tsakin kafin in dawo daga rakiyarsa. Mutumin da nake nufi kuwa shi ne marigayi Alhaji Mamman Shata Katsina, wanda ya rasu a shekarar 1999, lokacin ina ɗan shekara goma. Ban taɓa ganinsa da idona ba. Amma a gidanmu an yi shekaru ana jayayya a kansa kamar wani ɗan gida, saboda haka bari in fara daga can.

Garinmu yana arewacin Kano, a yankin nan da gona take manne da gona, inda ba ka yin tafiyar minti biyar ba ka ci karo da gida ko rumbu ba. Babu daji, babu ƙasar da ake bari ta huta. Kowace shekara gonar nan dai ita ake nomawa, da takin da jakuna suke kaiwa a mangala tun da rani, ga gawo da ɗorawa da kuka a tsaitsaye a tsakiyar gero da dawa. Kakana manomi ne, bai yi boko ba, kuma duk dukiyarsa babu abin da yake ji da shi kamar rediyonsa mai kaset. Da damina, lokacin noman firi da maimai, sai ya rataye shi a reshen ɗorawa, ya sa Shata, mu kuwa yara muna biye da shi da 'yan fartanyoyinmu. Idan batir ya yi sanyi muryar ta fara ja, sai ya cire su ya shanya a rana wai su farfaɗo. Mahaifina kuwa malamin firamare ne, mai son wa'azi, kuma a ganinsa wannan duk ɓata lokaci ne. Ba ya iya yi wa mahaifinsa musu gaba da gaba, amma mu yakan tara mu ya gaya mana cewa maroƙi ba abin koyi ba ne, mutum ne da yake cin abinci da bakinsa, yana yabon wanda ya ba shi yana zagin wanda ya hana shi.

Ni bayan mahaifina na bi. Da muka zo makarantar kwana sai abin ya ƙara zauna mini, don kuwa duk mun tuna zamanin da yin Hausa a aji laifi ne, kuma wayayye shi ne mai sauraron waƙar Turawa ko ta Indiya. Shata a lokacin na tsofaffi ne da direbobin tasha. Abin da ban sani ba shi ne, irin maganar da mahaifina yake yi mana, ita ce mahaifin Shata ya riƙa yi wa ɗansa tun kafin a haifi mahaifin nawa.

An haifi Muhammadu Shata a garin Musawa ta ƙasar Katsina a shekarar 1923, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya, kuma gidansu gidan Fulani ne. Yana da ƙanwa mai suna Yalwa, wadda duk mai sauraronsa ya san sunanta domin yakan ambace ta a waƙa. Laƙabin nan na Shata, wanda ya zo ya danne sunansa na yanka, wani ɗan'uwansu ne da ake kira Salamu ya laƙaba masa tun yana yaro. Abin lura a nan shi ne babu makaɗi ko mawaƙi a gidan. A ƙasar Hausa ta wancan zamani kuwa sana'a gado ce: ɗan maƙeri ya yi ƙira, ɗan mahauci ya yi fawa, ɗan wanzami ya riƙe zabira, ɗan makaɗi ya ɗauki ganga. Wanda ya tsallaka ya shiga sana'ar da ba ta gidansu ba, shigege ake ce masa. Idan kuma sana'ar roƙo ce, ga shi Bafulatani, to ya jawo wa dangi abin kunya.

Saboda haka Malam Ibrahim Yaro ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya raba ɗansa da waƙa. An ɗora masa tallar goro, daga baya aka koma alewa. Sai dai yaron idan ya fita da faranti ya iske samari da 'yan mata a dandali ana wasa, to talla ta ƙare, ya shiga fage ya yi ta zuba waƙa, wani lokaci ya rabar da hajar, ya dawo gida babu kaya babu kuɗi. Aka yi faɗa, aka yi horo, abin bai hanu ba. A farko ma ba don kuɗi yake yi ba, sha'awa ce kawai irin ta ƙuruciya, amma da murya ta fita, ƙauyukan kewaye suka fara nemansa wajen biki, sai sha'awa ta zama sana'a.

A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya tare da ni, domin idan ba a fahimci yadda duniyar mawaƙa take a lokacin ba, ba za a gane abin da Shata ya yi ba. Manyan mawaƙan zamanin nan na fada ne. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, Salihu Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi, Sarkin Taushin Katsina na fadar Katsina. Kowannensu yana da ubangida guda, shi ke ci da shi, shi ke tufatar da shi, ya ba shi gida da doki, shi kuma aikinsa ya wasa ubangidan nan, ya yi wa abokan hamayyarsa zambo. Kayan kiɗansu ma na sarauta ne, watau kotso da taushi da jauje. Sauran makaɗa kuma kowa da rukuninsa: na maharba daban, na manoma daban, na maƙera daban, na 'yan dambe daban. Shata bai faɗa cikin ko ɗaya daga waɗannan ba. Ba shi da gadon da zai ɗaure shi, ba shi da fadar da za ta ce nata ne ita kaɗai. Rashin gadon nan da aka riƙa yi masa gori da shi, a ganina shi ne babban jarinsa, don kuwa ya bar shi sake, yana iya yi wa kowa waƙa.

Abin kiɗan da ya zaɓa ma ya nuna haka. Kalangu ba kayan fada ba ne. Kiɗan mahauta ne da 'yan dambe da 'yan mata a dandali, wanda kowane ƙauye yake da mai kaɗa shi. Ganga ce mai siririn tsakiya da baki biyu, da igiyoyin fata da suka haɗa bakin nan biyu, makaɗi ya rataye ta a hammata, idan ya matse sauti ya hau, idan ya saki ya sauka, har ya zama tana bin hawa da saukar maganar Hausa kamar mutum. Wannan kiɗa na talakawa shi Shata ya ɗauka ya shiga da shi zaurukan sarakuna da gidajen gwamnati, har aka wayi gari idan an ce kalangu sai tunanin mutum ya tafi kansa. Shi kansa ba ya kiɗa, makaɗansa ke yi, su ne kuma 'yan amshinsa.

Daga Musawa ya koma Bakori da zama, a kudancin ƙasar Katsina, inda wani ɗan sarautar Musawa mai suna Abdullahi Inde, wanda yake aikin En'e na sayen auduga da gyaɗa, ya riƙe shi. A nan ya yi aurensa na fari, kuma daga nan ya riƙa fita yawon waƙa zuwa Katsina da sauran garuruwa. Ya fara shiga Kano a ƙarshen shekarun 1940. Amma shekarar da tauraronsa ya fito sosai ita ce 1952, wajen bikin nan da ake kira Bikin 'Yan Sarki, lokacin da aka yi wa 'ya'yan sarautar Kano goma sha biyu aure a tare, a ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Taro ne da ya haɗa hakimai da attajirai da makaɗa daga ko'ina, kuma baƙon nan mai kalangu daga ƙasar Katsina ya fita daga cikinsa da suna. Wanda ya ci kasuwar Kano a wancan lokaci kuwa ya ci ta Arewa duka.

Kano ta 1952 gari ne da kuɗin gyaɗa yake yawo a cikinsa. Tun da jirgin ƙasa ya iso a 1912 manoman ƙasar Kano, har da kakannina, suka duƙufa noman gyaɗa, ana tara buhuna ana yin dala da su kafin a kwashe zuwa Ikko. Wannan ciniki ya haifar da wasu irin mutane sababbi waɗanda ba sarakuna ba ne, ba kuma talakawan da aka sani a da ba: 'yan kamasho, dillalai, masu manyan motoci, direbobi, 'yan kwangila, ma'aikatan En'e. Suna da kuɗi, suna son a san da su, amma mawaƙin fada ba zai bar ubangidansa ya zo ya yi wa direba waƙa ba. Shata ne ya zama mawaƙinsu. Wajen 1960 ya koma Funtuwa, garin auduga da tashar jirgin ƙasa da mahaɗar hanyoyin Zariya da Gusau da Katsina, ya mai da ita gida har kusan shekara arba'in. Wanda ya san Funtuwa ya san ba a banza ya zaɓe ta ba, gari ne na baƙi da 'yan kasuwa da matafiya, irin mutanensa ke nan.

Idan mutum ya jera waɗanda Shata ya yi wa waƙa, sai ya ga kamar an buɗe masa rajistar jama'ar Arewa ta rabin ƙarni. Akwai sarakuna, kuma babba a cikinsu wajensa shi ne Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966, suka shaƙu har ƙarshen rayuwa. Akwai attajirai da 'yan siyasa da sojoji. Akwai mata masu sana'a da masu zaman kansu. Akwai direbobi da dogarai da 'yan bori. Waƙar Ummaru Ɗanɗanduna na Gwandu har yau ana jin ta a tasha da kasuwa, kuma mu mutanen arewacin Kano muna da tamu, ta Garban Bichi, wadda kakana yake ji da ita kamar ɗan'uwansa aka yi wa, alhali bai taɓa ganin mutumin ba, abin da ya haɗa su kawai shi ne yana cin kasuwar Bichi. Da yawa daga cikin mutanen nan babu littafin tarihin da ya ambace su, babu titin da aka sa wa sunansu. Abin da ya rage nasu a duniya shi ne Shata ya kira sunansu, ya faɗi garinsu da iyayensu da abin da suka ba shi. Ni da nake aikin ofis na san yadda fayil yake ɓata a cikin shekara biyar. Ga mutanen da aka ajiye sunansu a kan kalangu shekara hamsin, kuma har gobe yara suna rera shi.

Yadda yake yin waƙar ma daban ne. Mawaƙan fada sukan zauna da yaransu su shirya waƙa, su maimaita ta har ta zauna, kuma a wajen rerawa 'yan amshi suna karɓar ɗiyan waƙa suna ƙarasa wa ubangidansu, kamar yadda ake ji a waƙoƙin Narambaɗa da na Musa Ɗanƙwairo. Shata ba ya zaman shiri. A tsakiyar fage zai yanko amshi, ya jefa wa makaɗa, su cafe, kalangu ya ɗauka, shi kuma ya ci gaba da zubo baituka shi kaɗai, aikin yara kawai su maimaita amshin nan. Wannan ya sa waƙa guda idan ya yi ta a wuri uku sai ka ji ta iri uku, ya ƙara wani suna a nan, ya sako wani labari a can. Harshensa kuma mai sauƙi ne, ba ya cika shi da tsofaffin kalmomi irin na mawaƙan Sakkwato da sai an yi maka fashin baƙi, Hausa ce wadda Bakano da Bazazzagi da mutumin Maraɗi da Bahaushen zango a Kumasi duk za su gane. Shi kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba, masu nazari kuwa dubbai suke magana.

Sa'an nan ya yi sa'ar zamani. Tashensa ya zo daidai da shigowar faifan garmaho da rediyo, musamman gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, wanda ake kamawa har ƙasashen maƙwabta, daga baya kuma kaset ya zo ya shiga kowane ƙauye. Mawaƙin da, sai ka je inda yake ka ji shi. Shata kuwa shi ya riƙa zuwa inda mutane suke, har reshen ɗorawar gonar kakana.

Babbar waƙarsa ita ce Bakandamiya, wadda ya yi wa kansa. A cikinta yake kirari, yana ba da labarin yawace-yawacensa da garuruwan da ya shiga da yadda ya gagari abokan sana'a, kuma ya yi ta ƙara mata baituka tsawon rayuwarsa. Kalmar ma ta zama ma'auni, yanzu idan aka ce wannan ita ce bakandamiyar wane, ana nufin aikinsa da ya fi kowane. Wanda ya saurare ta da kyau zai ji muryar mutumin da aka ce masa ba gadonsa ba ne, yana mai da martani shekara da shekaru.

To, ba zan ɓoye ɓangaren da mahaifina yake da gaskiya ba, domin tarihi ba waƙar yabo ba ne. Shata yana da kaifin baki, kuma ya yi amfani da shi. Zambonsa abin tsoro ne, waƙar Gagarabadau shaida ce, kuma wanda ya faɗa bakinsa ya shiga uku, don kuwa ba shi da rediyon da zai rama. Babu shakka wasu kyaututtukan da aka yi masa, na motoci da dawaki da riguna da kuɗi, ba ƙauna ce kaɗai ta sa aka yi su ba, har da neman tsari. Haka kuma ya yi waƙar nan ta mashaya wadda malamai ba su taɓa yafe masa ba, ga wasanninsa na dare a kulob da otal inda ake abin da ake yi. Tun daga ƙarshen shekarun 1970, da wa'azi ya ƙara ƙarfi a Arewa, mutane da yawa sun juya wa kiɗa baya gaba ɗaya, kuma waƙar nan ita ake fara kafa hujja da ita. Amma bakin nan dai shi ne ya yi begen Annabi (SAW) da waƙar da har masu sukarsa suke sauraro a ɓoye, shi ne ya yi wa mata gargaɗi a kan aure, ya yi kira a tashi a nemi na kai, a riƙe noma. Duk shi ne. Kakana yakan ɗauki wanda yake so ya bar sauran, idan kaset ya zo kan waƙar mashayan sai ya danna ya wuce, ba ya cewa komai.

A lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, yana cikin mawaƙan da suka riƙa ƙarfafa wa sojoji gwiwa da kiran a zauna ƙasa ɗaya. A 1969 kuma, da Amurkawa suka sauka a kan wata, sai ga Shata da waƙar kumbon Apollo 11. Wannan ta daɗe tana ba ni mamaki. Mutumin da bai zauna a aji ba ya ɗauki labarin kimiyya mafi girma na zamaninsa ya sa shi a ma'aunin kalangu, ya kai shi inda jarida ba ta zuwa. Kakana ya gaya mini cewa a garinmu an yi ta gardama a kan ko mutum zai iya taka wata, wasu dattawa suna cewa ƙaryar Nasara ce, kuma shi daga bakin Shata ya fara jin sunan kumbon. Waƙa ta kai shi ƙasashe da dama, na Afirka ta Yamma inda Hausawa suke, da Ingila da Amurka, ban da Makka da ya je aikin hajji.

Ya taɓa siyasa, amma ba a nan ƙarfinsa yake ba. A shekarun 1970 ya zama kansila a ƙaramar hukumar Kankiya. A jamhuriya ta biyu ya shiga GNPP ta Waziri Ibrahim, daga baya ya koma NPN. A jamhuriya ta uku aka zaɓe shi shugaban jam'iyyar SDP na Funtuwa, aka kuma tsige shi bayan ya saɓa da manyan jam'iyyar. Mutumin da bai yarda da ubangida guda a waƙa ba, da wuya ya iya zaman biyayya a jam'iyya.

Yanzu bari in faɗi inda na sauka daga ra'ayin mahaifina. Ina Jami'ar Bayero, a wani darasi na gama-gari da aka tilasta mana, malamin ya ambaci cewa tun a 1975 wani ɗan Kano, Ɗandatti Abdulƙadir, ya sami digirin dakta a Jami'ar Indiana ta Amurka da nazari a kan matsayin mawaƙin baka a al'ummar Hausa da Fulani, kuma Mamman Shata ne abin nazarin. Wannan Ɗandatti shi ne ya zo ya zama shugaban jami'ar da nake zaune a cikinta. Watau waƙoƙin da nake jin kunyar a ji ni da su, su wani ya tattara ya kai Amurka ya dawo da digirin da ni ko mafarkinsa ban fara ba. A 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata kansa digirin dakta na girmamawa, ban da lambar girma ta ƙasa ta MON da gwamnatin tarayya ta ba shi. Yaron da aka yi wa horo don ya zubar da tallar alewa ya sa rigar dakta a gaban farfesoshi. Bayan rasuwarsa, a 2006, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da babban littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah.

Sai dai in faɗi gaskiya, akwai abin kunya a cikin wannan tuba tawa. Ban yarda Shata yana da daraja ba sai da na ji jami'a ta ce yana da ita. Kakana bai jira Indiana ko Zariya ba. Tun yana saurayi ya ji waƙar ya san gwani ne, kamar yadda yake duban zangarniyar gero ya san irin da za a ajiye. Ilmin da muka samu ya koya mana auna abubuwa da yawa, amma a wannan fanni ni dai sai da na yi digiri kafin in iso inda manomin da bai san bihim ba yake tsaye tun tuni. Da na koma gida hutu na gaya wa mahaifina labarin digirin, sai ya yi shiru, can ya ce jami'a ba ita ke raba halal da haram ba. Ban yi masa musu ba, har yanzu kuma yana nan a kan bakansa.

A ƙarshen rayuwarsa Shata ya yi fama da rashin lafiya, aka kai shi Jidda aka yi masa aiki, ya dawo, ciwo ya sake tashi. Ya rasu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, mako uku bayan sojoji sun miƙa mulki ga farar hula, yana da shekara 76. Ba a kai shi Musawa inda aka haife shi ba, ba a kai shi Funtuwa inda iyalinsa suke ba. A Daura aka binne shi, garin Sarki Muhammadu Bashar, kamar yadda ya yi wasiyya. Mawaƙin da ya ƙi zama na fada guda, da kansa ya zaɓi inda zai kwanta, kusa da sarkin da ya ɗauka aboki. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa.

Ina iya tuna ranar. Farkon damina ne, an yi shuka, gero ya fara tsirowa. Da aka faɗi rasuwar a rediyo kakana yana zaure, bai ce komai ba, ya tashi ya shiga ɗaki. Washegari da sassafe ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya fita bakin titi, domin hanyar Daura da ta bi ta Ɗambatta da Kazaure ba ta da nisa da mu, ya hau mota wai zai je ta'aziyya. Mahaifina ya tambaye shi wa ya sani a can da zai yi wa ta'aziyyar, ya ce shi mamacin ya sani. Da yamma ya dawo, ƙafafunsa duk ƙura, ya kawo mana tsarabar ƙuli-ƙuli.

Kakan nawa ya rasu shekaru tara bayan haka. Da aka zo rabon gado, gonaki aka yi ta lissafi a kansu, domin a yankinmu taƙi ɗaya na ƙasa yana iya raba zumunci, babu wanda ya kula da wata tsohuwar jakar fata da take rataye a bayan ƙofa. Ni na ɗauke ta. Kaset ashirin da uku ne a ciki, goma sha bakwai na Shata, wasu an ɗaure zarensu da ya tsinke da ƙaro. Bara na kai su wajen wani yaro mai gyaran waya a Kano ya juye mini su a katin waya. Goma sha ɗaya suka fita, sauran zafi da ƙura sun cinye su. A cikin waɗanda suka fita akwai waƙa biyu da na bincika a intanet ban same su ba, na tambayi direbobin da nake hawa motarsu zuwa aiki, babu wanda ya taɓa jin su. Ɗaya wani mutum aka yi wa wanda ko sunan garinsa ban iya kamawa ba, saboda daidai wurin zaren ya taɓa tsinkewa.